Daren da na goge muryar Baba da hannuna

A Aboabo aka haife ni, cikin Kumasi, a irin gidajen hayar nan masu ɗaki goma sha biyu da tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, inda kowa ya san abin da ke cikin tukunyar kowa. Mu biyu ne maza a ɗakin Mma, ni da Yaya, wanda ya ba ni shekara bakwai. Yaya mai sikila ne. Tun ban san sunan ciwon ba na san aikina a cikinsa. In dare ya raba ya fara nishi, ni ne mai hura gawayi, Mma ta jiƙa tsumma a ruwan zafi tana gasa masa gwiwa da baya, Baba yana bakin ƙofa da carbi, ba ya shigowa, ba ya kuma komawa barci.

Sa'o'in Yaya duk sun tafi Suame Magazine koyon kanikanci da walda, wasu suna dako a Kejetia. Shi jikinsa ba zai ɗauka ba. Sai ya koyi buga rubutu, ya yi ta zubin susu, wato adashi, har ya kwashi nasa a 2010, ya shiga Adum ya sayo laftof ta hannu, irin waɗanda Turawa suka gama cin moriyarsu aka lodo mana a jirgin ruwa, muke ce musu hom-yus. Ko ranar da ta shigo gidanmu tsohuwa ce, don ƙirar wajen 2004 ce. Windows XP ne a kanta, ƙwaƙwalwarta Pentium M, RAM ɗinta megabait 512, rumbun ajiyarta giga 40. A lokacin ban san waɗannan lambobin ba, ban kuma damu da su ba. Abin da na sani shi ne da ita Yaya yake buga katin aure da na suna, da wasiƙun neman aiki, da tambayoyin jarrabawar makarantun unguwa, kuma da abin da take kawowa yake sayen maganinsa bai miƙa wa kowa hannu ba.

Akwai wani aiki da ya yi da ita wanda ba a biya shi ko pesewa ba. Baba ɗan goro ne, ubansa ma haka, kakansa ma haka. In an idar da isha'i ya zauna kan tabarma, yakan ɗauko labarin yadda kakansa ya baro ƙasar Kano cikin ayarin jakuna, ya sauka a Salaga, da yadda yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar garin, fatake suka bazu kowa ya kama gabansa, har zuri'armu ta ƙare a zangon Kumasi. Mu yara muna gyangyaɗi, amma Yaya ya sayo ɗan makirfo ya riƙa ɗauka. Da farko Baba ya yi ta mita, wai yaushe akwati zai riƙe maganar mutum. Daga baya shi ne mai cewa, “Ina ɗan akwatin naka? Na tuno wani abu.” Zama ashirin da uku suka yi.

Baba ya rasu a 2013. Yaya ya bi shi cikin hunturun 2016. Bayan sadakar arba'in Mma ta naɗe laftof ɗin da cajarta cikin wani tsohon zane, ta sa a adakarta ƙarƙashin gado. Shekara huɗu babu wanda ya taɓa.

Ni kuwa na zama ticha a wata makaranta mai zaman kanta a Asawase, ina koyar da lissafi a aji huɗu da biyar. Na yi aure a 2019. Ranar 16 ga Maris 2020 aka rufe makarantu a duk Ghana saboda korona, ranar 30 ga watan kuma aka kulle Kumasi da Accra. Malaman gwamnati albashinsu bai tsaya ba. Mu kuwa da kuɗin makarantar yara ake biyanmu, yara suna gida, iyayensu ma suna gida. Aka ba mu rabin albashin Maris, daga nan shiru kake ji. Matata tana da ciki wata huɗu. Da aka ɗage kullen ranar 20 ga Afrilu kasuwa ta buɗe, makaranta ba ta buɗe ba. Na gwada tallan takunkumi a tashar Aboabo na kwana biyu, iyayen ɗalibaina suna wucewa suna cewa “Ticha, sannu da aiki,” ni kuma kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba wai talla abin kunya ba ne. Ban iya ba ne kawai, kuma ban sayar da abin kirki ba.

Wani abokina mai injin buga takardu ya ce in da ina da kwamfuta da aiki bai gagare ni ba. Iyaye suna neman a shirya wa yara darussan gida, ga masu cike fom, ga wasiƙu. Ni in buga, shi ya fitar a takarda, mu raba. Daren nan na je ɗakin Mma na durƙusa.

“Mma, ina son aron kayan Yaya.”

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, “Maganar Babanku tana ciki?”

“Tana ciki, Mma.”

“To, amana ce.”

Batirin ya riga ya mutu, amma da na jona caja fanka ta juya, fuskar ta kawo haske. Kusan minti goma sha biyar ta yi kafin ta gama tashi. Ga hoton Yaya a bangon allon, sanye da farar jallabiya ranar Sallah. Sai da na rufe ta na fita tsakar gida na sha iska. Da na dawo na ga halin da take ciki: ka danna abu yanzu, ka je ka yi alwala ka dawo bai buɗe ba, tagogi suna tsalle da kansu, bairos ya yi gida ya yi 'ya'ya.

A gidanmu akwai wani yaro ɗalibin KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi da muke ce wa Tech, shi ma rufe makarantu ya dawo da shi gida. Shi ya fahimtar da ni cewa tun 8 ga Afrilu 2014 aka daina kula da XP, babu sauran gyaran tsaro da ke zuwa masa, sabbin Windows kuwa ko a mafarki wannan na'ura ba za ta ɗauka ba. Ya ce akwai Linux, babbar manhaja ta kyauta da wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991, kuma akwai nau'o'inta marasa nauyi da aka yi domin tsofaffin kwamfutoci. Ya ambaci Lubuntu. Amma ya ce, “Ticha, kafin komai ka kwashe kayan ciki.”

Na ji maganarsa, shi ya sa har yau abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Ban yi sakaci irin na wanda bai sani ba. Jakar Yaya giga goma sha ɗaya ce, filash ɗina na makaranta giga huɗu ne, kuma shi za mu ɗora wa Lubuntu. Sai na shiga Kejetia. A shago kuɗin filash mai giga 32 ya fi ƙarfin aljihuna, amma a bakin titi na tarar da wani mai faranti yana sayar da irinsa a ƙasa da rabin kuɗin, cikin kwalinsa mai sheƙi. Na saya ina ganin na yi wayo. Na jona, kwamfuta ta nuna giga 32 cif. Na bar ta tana kwafa dare guda. Da safe sunayen fayiloli duk sun bayyana. Na buɗe hotuna uku na farko, suka buɗe. Na buɗe katin aure guda, ya buɗe. Na ce alhamdulillahi, na jefa filash a aljihun riga.

Azumi ya kama a makon. Masallatai a rufe, babu tarawihi sai a ɗaki, don haka dare ya zama namu ni da yaron nan. Muna jiran sha biyu ta buga mu sayi datar dare mai araha, mu sauke a wayata. Na farko da muka sauke shi ne sabon Lubuntu 20.04, wanda ya fito ranar 23 ga Afrilu, kwana kaɗan kafin nan. A tunanina sabo ai shi ne mai kyau. Yaron ya rubuta shi a filash da wata manhaja mai suna Rufus a tasa kwamfutar, muka shiga BIOS, wato saitin farko na na'urar, muka ce ta tashi ta filash. Baƙin allo, layi biyu na farin rubutu: wannan manhaja tana neman ƙwaƙwalwa mai 64-bit, ita kuwa wadda ta tarar i686 ce, wato 32-bit. Kamar ka kawo tirela ka ce ta shiga lungun Aboabo. Data ta tafi a banza. Ashe Lubuntu sun riga sun daina fitar da na 32-bit, na ƙarshe cikin masu dogon wa'adi shi ne 18.04.

Muka sauke 18.04 washegari. Wannan karon ƙorafin daban ne: wai ƙwaƙwalwar ba ta da wani abu mai suna PAE. Nan yaron Tech ma ya yi turus. Mun kwana biyu muna karatu a ƙaramar fuskar waya kafin mu gane. PAE dabara ce da ke ba ƙwaƙwalwa mai 32-bit damar aiki da RAM fiye da giga huɗu. Na yi dariyar takaici, ni da nake da rabin giga me ya haɗa ni da abin da ya wuce huɗu? Amma ginshiƙin manhajar an gina shi ne a kan sai da ita. Abin mamakin, Pentium M na farko-farko suna da PAE ɗin, faɗa ne kawai ba sa yi in an tambaye su. Ina da irinsu a aji: yaro ya san amsa sarai, amma ko za ka shekara kana tambaya ba zai ɗaga hannu ba sai ka kira sunansa. Kiran sunan a nan kalma ɗaya ce, forcepae. A allon farko ka danna F6, ka rubuta ta a ƙarshen layin umarni, sau biyu, gaba da bayan 'yan sandunan da ke ƙarshe, domin ta bi manhajar har bayan an ɗora ta. Da muka yi haka rubutu ya fara gangarowa, sai ga shuɗin allo da ɗan kibiya tana motsi. Yaron ya yi tafi har maƙwabciyarmu ta buga bango.

Murnar ba ta yi nisa ba. Da muka danna a fara ɗorawa, sai ta tafi ta tafi ta sandare. Kibiya ba ta motsi, fanka tana kuka, ƙasan na'urar ya yi zafi kamar kaskon masa. Sau uku haka. A nan na fahimci abin da ake nufi da RAM, kuma da sana'ar Baba na fahimce shi. Rumbun ajiya shi ne sito, inda huhunan goro suke jibge. RAM kuwa farantin da ake baza goro a kai ne a gaban mai saye. Komai girman sitonka, abin da farantin ya ɗauka shi kaɗai za ka iya juyawa a lokaci guda. In kwamfuta ta tashi ta filash, dukan manhajar da hotunanta da tagoginta a kan farantin suke zaune, sannan ka ce mai ɗorawa shi ma ya hau. Megabait 512 ba zai ɗauka ba. Maganin shi ne wani bugu na daban na 18.04 ɗin, wanda ba shi da ado, rubutu ne zalla, kana tafiya da maɓallan kibiya kana amsa tambaya ɗaya bayan ɗaya.

Dare na shida ke nan. Na gaji, bashin mai shago ya taru, matata ta fara kumburin ƙafa, abokina mai injin yana ta kira wai aiki yana wucewa. Wajen ƙarfe biyu muka iso tambayar rumbu: a matse XP gefe a zauna tare da shi, ko a share rumbun gaba ɗaya. Yaron ya ce, “Ticha, da mun bar shi a gefe tukuna.” Na ce rumbun a cike yake, matsewa za ta ci lokaci, kuma me za mu yi da gidan bairos? Ai na kwashe komai. Na ɗan taɓa aljihuna, filash yana nan. Na'urar ma sai da ta sake tambayata, ta ce duk abin da ke ciki zai tafi, na tabbata? Na kai kan “eh”, na danna.

Kafin sahur ta gama. Ta tashi da kanta cikin minti ɗaya da 'yan kai, tsaf, babu tsalle-tsalle. Na sha koko ina jin kaina kamar injiniya.

Bayan asuba na jona sabon filash don in mayar da jakar Yaya wurinta. Hotunan farko suka buɗe. Na ci gaba da gangarawa, sai na fara cin karo da waɗanda ba su da fuska, suna ne kawai da girma, in ka danna a ce fayil ɗin ya lalace. Na tsallaka can ƙasa. Yaya ya sa wa jakar sautin suna “Zancen Baba”. Kwafa kuwa bin haruffa ta yi, daga A zuwa Z, don haka ita ce ta ƙarshe da ta shiga. Fayil ashirin da uku, kowanne da sunansa da kwanan watansa da hannun Yaya ya rubuta. Na danna na farko, shiru. Na biyu, shiru. Na bi su duka, sannan na sake bi daga farko, kamar mai neman kuɗi a aljihun da ya riga ya zazzage.

Daga baya na san yadda ake yin wannan ha'incin. Ana ɗaukar ƙaramin filash a sauya abin da yake faɗa wa kwamfuta game da girmansa. Nawa bai kai giga huɗu ba a gaskiya. Abin da ya fara shiga yana samun wuri, sauran kuwa sunansa kawai ake rubutawa, shi kansa ya bi iska, kuma babu wani gargaɗi da zai fito. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta da ke cika filash su sake karantawa don tona asirinsa, H2testw a Windows, f3 a Linux. Awa ɗaya ko biyu da sun ishe ni. Ko ba su ba ma, da fayil na ƙarshe na buɗe maimakon na farko, da na gani.

Azumin ranar ban san yadda ya wuce ba. Ban ji yunwa ba, ban ji ƙishirwa ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne, mutuwa ta ɗauki Baba ta bar mana muryarsa, Yaya ya tsare ta da ciwonsa da komai, Mma ta tsare ta shekara huɗu cikin zane, ni lafiyayye mai ilimin boko na kashe ta a dare ɗaya don ragin 'yan sidi. Na koma Kejetia neman mai farantin, ban ma san me zan yi masa ba in na gan shi. Ban gan shi ba. Da Mma ta tambaye ni bayan shan ruwa, na ce, “Ana kan gyara, Mma.” Ƙarya cikin azumi, ga uwata. Matata ma sai bayan kwana biyu na gaya mata, da ta tsare ni ta ce wannan shirun ba na rashin kuɗi ba ne.

Sannan na ƙara wa kaina wani laifin cikin rashin sani. Kwana uku na ci gaba da amfani da na'urar, ina sauke sabuntawa, ina buga aikin farko da abokina ya turo, don ciki ba ya jiran makoki.

Matata ce ta ce in kai ta Adum. Aka nuna mini wani dattijo mai gyara a wani ɗan shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba, yaransa suna ce masa Masta. Ban gama bayani ba ya miƙa hannu ya zare caja. Ya ce, “Malam, tun yaushe take kunne?” Na ce kwana uku. Ya girgiza kai. Ya ce sharewa irin wadda na yi ba ta kwashe kaya, littafin sunaye kawai take yagawa. Kamar mai gida ne ya yaga rajistar 'yan haya: mutanen suna ɗakunansu, amma a takarda ɗakunan babu kowa, kuma duk baƙon da ya zo za a ba shi ɗaki a kan na ciki. Sabuwar manhajar ta riga ta zauna a kan wasu, kowace sabuntawa da na sauke ta danne wasu. Ya ce, “Abin da aka hau ya tafi. Wanda ba a hau ba, za mu gani.”

Ya kwance sukurori biyu ya zaro rumbun, tsohon yayi mai jerin allurai a baki, ya sa masa mahaɗi ya jona a tasa kwamfutar. Ya kunna PhotoRec, manhajar da ba ta kula da rajista, bin rumbu take yi taku-taku tana shinshinar farkon kowane hoto da sauti da takarda, tana kwafe abin da ta samu zuwa wani rumbun daban. Kwana biyu tana aiki. Abin da ta fitar ya haura fayil dubu talatin, babu mai sunansa na asali, harafin f ne da dogayen lambobi. A ciki har da kowane ɗan tambari da hoton talla da na'urar ta taɓa gani tun tana Turai. Na ga hotunan wasu Turawa a bakin teku da karensu, mutanen da suka riga Yaya mallakarta, su ma sun ɗauka sun goge.

Kwana tara ina zuwa shagon bayan azahar, da abin ji a kunne, ina buɗe sauti ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar Windows, waƙoƙi, karatun Alƙur'ani, tafsiri. A rana ta huɗu na danna wata lamba, sai na ji gyaran murya, sannan “To, ina muka tsaya jiya?” Na kifa kai a kan teburin Masta. Bai ce mini komai ba, ya dai sa yaronsa ya ja labule.

Cikin ashirin da uku, shida suka dawo lafiya. Huɗu sun dawo da rauni, suna tafiya sai su yanke ko su rikiɗe su zama ƙara. Goma sha uku babu su. Hotuna kuwa wajen rabi. Masta ya ce kada in sake ɗora komai a kan tsohon rumbun, ya sayar mini da wani na hannu, kuɗin aikinsa kuma ya ce in kawo in makaranta ta buɗe.

Sauran gyaran bai ba ni wuya kamar na baya ba, ko don zuciyata ta riga ta yi sanyi. Lubuntu ya yi aiki, amma da na buɗe shafi biyu a Firefox sai farantin ya cika, na'ura ta koma aron wuri a rumbu, fitilarsa ta kama ba ta mutuwa, komai ya tsaya. Na koma antiX 19, wani nau'in Linux mara nauyi wanda aka gina a kan Debian, ɗaya daga cikin manyan nau'o'in Linux. Nasa na 32-bit bai ma tambayi PAE ba, kuma in ya tashi abin da yake ci a RAM megabait ɗari ne da 'yan kai, a rubuce a gefen allo kana gani. Shafukan intanet da suka riƙa ƙin buɗewa suna cewa babu tsaro, ashe agogo ne: ɗan batirin da ke riƙe kwanan wata ya mutu, kullum na'urar tana farkawa a shekarun baya, takardun shaidar shafukan kuma ba su yarda da wannan kwanan ba. Aka canza shi, magana ta ƙare. RAM kuwa a Dagomba Line na samo, wurin masu fasa tsofaffin kayan lantarki. Na fara sayo DDR2 bisa kuskure, don shi da DDR na farko tsawonsu ɗaya, ƙafafunsu 200 duka, ɗan tsagin da ke tsakiya ne kawai ya goce kaɗan, ya ƙi zama. Na koma da nawa a hannu muka gwada tsagi da tsagi har muka dace da mai giga ɗaya. Na cire guda cikin biyun da ke ciki na sa shi, ta zama giga ɗaya da kwata. Wani abin da ya faranta mini, a jerin allunan rubutu na Linux akwai na Hausar Ghana, da ƙ da ɗ da ɓ, haruffan da Yaya yake bi da biro yana lanƙwasa musu kai bayan ya buga kati.

Masu cewa “ɗora mata Linux kawai ta koma sabuwa” suna faɗin rabin gaskiya ne. Rubutu, lissafi, cike fom, sauraron karatu, duk tana yi ba gardama. Amma intanet ta yau ita ce mai nauyin, ba manhajar ba, kuma babu dabarar da za ta sa na'urar 2004 ta ji daɗin Facebook ko bidiyo. Ƙofar ma ƙara tsukewa take yi, don Debian 13 da ya fito a Agustan 2025 ya daina fitar da abin ɗorawa na 32-bit. Duk da haka ita ta riƙe gidana har Janairun 2021 da muka koma aji. Da ita na biya mai shago, da ita na biya Masta, a kanta na buga katin sunan 'yata. Har yau tana kan teburina, jone da caja kamar mara lafiya da ƙarin ruwa.

Mma kuwa wata bakwai ina kauce mata. In ta tambaya in ce aiki ya yi yawa, sai an samu natsuwa. Ta daina tambaya, wannan ya fi tambayar ciwo. Da hunturu ya shigo, watan da Yaya ya rasu, na ɗauki laftof na shiga ɗakinta bayan isha'i, na durƙusa inda na durƙusa da farko, na faɗa mata duka, har da ragin kuɗin da ya ja ni, har da ƙaryar da na yi mata cikin azumi. Ba ta dube ni ba. Ta ce, “Kunna abin da ya saura.”

Na kunna ɗaya daga cikin masu raunin, don ita ce mai labarin Salaga. Muryar Baba ta cika ɗakin. Can cikin zancen aka ji tari, sai muryar Yaya ƙasa-ƙasa yana kiran sunan da shi kaɗai yake kirana da shi, yana cewa in ja ƙofa iska tana shigowa. Aka ji ƙarar ƙofar. Ni ne na ja ta, ban ma tuna daren ba. Mma ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Baba ya ci gaba, ya kawo inda kasuwa ta watse, ya ce, “Daga nan sai suka ɗaura wa jakuna kaya suka nufi…” Sautin ya yanke.

Muka yi shiru. Fanka kaɗai ke juyawa.

“Kete Krachi,” in ji Mma. “Can suka fara zama, shekara uku, kafin Atebubu. Kuma Babanku kullum yana tsallake matar farko, wadda ta rasu a hanya. Kakarku ta faɗa mini sunanta muna tankaɗe.”

Na ce, “Mma, kin san sauran?”

“Wa kake tsammani yake tuna masa in ya manta?”

Na laluba aljihu na ciro waya, hannuna yana rawa. Ta dubi wayar, ta dubi laftof ɗin, ta ce wannan karon a ina zan ajiye. Na ce wuri uku, Mma, ɗaya ma ba a gidan nan ba, kuma sai na saurari kowanne har ƙarshe.

Ta ce, “To, ja ƙofar nan tukuna. Ka miƙo mini ruwa.”